Gayyar Lawali

Madarumfa, Talata da hantsi

Zuwa ga ɗiyata Habsu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina tambayar kwananki da gajiyar hanya da baƙunta, da ruwan Damagaram da aka ce sai ciki ya saba da shi. Allah ya sa takardar nan ta tarar da ke cikin ƙoshin lafiya, ya tsare ki a ɗaki da aji da kan hanya. Babanki yana gaishe ki daga lambu. Maƙwabciyarmu Tsahara ma tana gaishe ki, ta ce tun da kika tafi ba ta da mai kushe mata ƙosai.

Na zaɓi in rubuta, duk da rubutun nawa na yaƙi da jahilci ne, wani layi na hawa wani na gangara, domin a salula ba ki bari in kai aya. Shekaranjiya da kika kira, kika ji Yayanki Lawali ya ƙi abinci tun ranar da kika tafi, sai kika ce za ki ɗaure kayanki ki shigo motar Juma'a, gurbin naki na lakwal, makarantar koyon jinya, kuma a ba wani. Kika kashe kafin in ce uffan. To ga amsata: kada ki dawo.

Ba zan yi miki ƙarya ba. Yana datse haƙora, in na matsa masa ya kurɓi kunu kaɗan, ya juya kansa wajen ƙofa. Majo, babban ma'aikacin jinyar asibitinmu, ya zo ya duba shi, ya ce babu zazzaɓi, kewa ce, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, in ya ƙi ruwa a kawo shi nan take. Hankalina ba a kwance yake ba. Duk da haka na ce ki zauna, kuma zan gaya miki dalili, ko da za ki gane cewa uwarki ta daɗe tana tafka wauta.

Kin taso kin tarar ina kiran sunansa, kin ɗauka haka abin yake tun asali. Lawali ɗan fari ne. Na haife shi bayan doguwar naƙuda, bai yi kuka da wuri ba, da aka yaye shi kuma Kaka, uwar babanki, ta ɗauke shi zuwa ɗakinta kamar yadda ake yi. Ni kuwa na riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Ba na faɗin sunansa, ba na kallon fuskarsa a gaban mutane, ba na yi masa wasa. In zancensa ya kama, sai in ce “yaron nan”. Mata suna ta yabona, wai Ramatu akwai kunya, ni kuma ina jin kaina yana kumbura.

Lafiyayyen yaro ba ruwansa da kunyar uwarsa. Zai ruga waje, ya sami masu kiransa da masu dukansa, ya dawo da ƙura har gira. Shi kuwa Yayanki wuyansa bai tsaya ba, hannu da ƙafa a sandare, ido yana gani dishi-dishi, magana ba ta fito ba, daga baya farfaɗiya ta ƙaru a kai. Bai san kowa ba sai fuskar da ta sunkuyo kansa, kuma fuskar Kaka ce kaɗai ke sunkuyowa. Ita ta san in ya turo harshe ƙishirwa yake ji, in ya murɗa ƙafar hagu so yake a juya shi, ta san gunjinsa na yunwa daban da na jin daɗi. Ban taɓa tambayarta ba, domin tambayar ma a wurina rashin kunya ce.

Kaka ta rasu yana wajen shekara goma, kina goye a bayana. Ya yi ta kuka, ba wanda ya san abin da yake faɗa. Ni da na haife shi ina tsaye a kansa da ludayi kamar baƙuwar da ta zo jiya. Ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa. Ran nan Tsahara ta shigo, na ce mata yaron nan ya ƙi ci.

Ta ce, “Wane yaro? Shi ba shi da suna? Ke Ramatu, wagga kunya taki za ta kashe mutum. Kira shi in ji.”

Na dubi ƙofa ko wani na tafe, na sunkuya, na ce, “Lawali.” Ya tsaya da kukan, ya shiga juya ido yana neman inda muryar ta fito. Duk shekarun nan muna gida ɗaya, amma bai san da shi nake ba sai ranar. Ban daina kunya ba, har gobe ba na zama kan tabarma ɗaya da surukai, amma daga ranar na gane akwai ɗan farin da ba a yi wa ita.

Saboda haka, in kin fara shiga gidajen mutane da farar riga, ki fara gaida mai jinyar da sunansa kafin ki gaida masu lafiya, ko an ce miki ba ya ji. In kuma kin ga uwa tana kau da kai daga ɗanta, tana amsa miki da “shi” da “wancan”, kada ki yi saurin cewa ba ta ƙaunarsa. Ki tambaya a hankali ko na fari ne. Ki jawo ta gefe inda ba idon dangin miji, ki ɗora hannunta a kan nasa. Da yawanmu jira muke wani ya ba mu izini.

Wauta ta biyu mun yi ta tare da babanki, kada ya ce na ware shi. Mun sa a ranmu sai Lawali ya yi tafiya. Duk wanda ya ce ga mai magani, mun tafi. Mun je Gabi, mun je Maradi, mun ƙetare iyaka mun dawo, an sha rubutu, an yi turare, an ɗaura laya, an yi allura. Idonmu yana kan ƙafafunsa kawai. A lokacin bayansa yana gyambo saboda kwanciya wuri ɗaya, amma mu ƙafa muke kallo.

Ƙila kin tuna shekarar da ya riƙa ihu yana cizon hannunsa, kina ƙarama kina toshe kunne. Kowa ya ce iska ce ta ƙara taɓa shi. Mun cika ɗakin da hayaƙi har mu masu lafiya muna tari. Ana cikin haka wata ma'aikaciyar lafiya mai zagaya gidajen naƙasassu ta biyo unguwarmu a kan babur. Ta gaishe shi, ta lallaɓa ta buɗe bakinsa, ta haska. Haƙori ne ya ruɓe, dasashi ya kumbura. Yaro yana ta gaya mana haƙorinsa ke ciwo da iyakar hanyar da Allah ya ba shi, mu kuma muna korar aljanu. Ba wanda ya taɓa goge masa baki, domin ba mu taɓa tunanin mai irin wannan lalura zai yi ciwon haƙori irin na kowa ba.

Bayan an cire haƙorin ta dawo. Na zaci zancen ƙafa za ta yi, sai ta ce, “Inna, mi ke ba shi dariya?”

Na san abin da ke sa shi kuka kala-kala, amma wannan ban sani ba. Ta ce mu nemo. Ta nuna mana yadda ake zaunar da shi a tallafe kansa kafin a ba shi abinci don kada ya shaƙe, yadda ake juya shi, yadda ake miƙe masa gaɓoɓi da man gyaɗa, yadda ake goge masa baki da asuwaki mai laushi. Ta zana wa kafinta kujera mai madogarar wuya. Dariyar kuwa babanki ne ya gano ta, ranar da ya kunna rediyo ana kokawa, mai sharhi ya ƙwala ihu an yi kaye, Lawali ya bushe da dariya har da shaƙuwa. Babanki ya fita waje yana share ido, ya daɗe bai dawo ba.

Yayanki bai yi tafiya ba, kuma ba zai yi ba, na daina roƙon wannan. Amma gyambon ya warke, ya yi ƙiba, ya zama mutum mai ra'ayi, kin fi kowa sanin yadda yake fushi in ɗan kokawarsa ya sha ƙasa. Don haka in an kawo miki mai lalura da yawa, kada ki tsaya kan wadda ta fi girma a ido. Ki duba bakinsa da bayansa da cikinsa, ki tambayi barcinsa, ki tambayi wa ke zama da shi, ki dubi ita mai jinyar ko ta ci abinci. Kuma ki yi waccan tambayar da aka yi mini, ko da za a yi miki kallon wadda ba ta san aiki ba.

Ta ukun ita ce ta shafe ki, ita ce kuma ta fi yi mini nauyin rubutawa. Kin fi ni saurin gane Yayanki. Tun kina 'yar ficiciya kike fassara mana shi, ki ce “Inna, ruwa yake so,” kuma ruwan yake so. Na ji daɗi, na sakar miki. Abinci ke, magani ke, juyi ke. Sa'o'inki suna dandali kina gida. An yi bukukuwa da yawa da kika ji kiɗansu daga tsakar gida. Ranar da farfaɗiya ta tashi ba ki zuwa lakwal, ni kuma in ce Allah ya yi miki albarka, in ɗauka na biya ki.

Duk tsawon lokacin nan, kowa ya leƙo ya ce ya mai jiki, amsata ɗaya ce: lafiya lau, mun gode. Ko bayana yana tsagewa saboda ɗagawa, lafiya lau. Na ja zana na kare ƙofar ɗakinsa, wai kada a gan mu a raina mu, kada a ce mun gaza da abin da Allah ya ba mu.

Da sakamako ya fito aka ce kin sami gurbi a Damagaram, kika ce ba za ki ba saboda Yaya. Kin san me na ji a raina? Daɗi na ji. Na ji wani sanyi, na ce alhamdulillahi. Ina tuƙa tuwo daga baya sai abin ya dawo mini. Na ga na sake mayar da Lawali hannun mutum ɗaya, kamar zamanin Kaka, kuma wannan karon yarinya na ɗaure a turke tun ba ta fara rayuwarta ba. In aure ya ɗauke ki fa? In ciwo ya kwantar da ke fa? Ni da babanki kuma kullum gaba muke yi.

Na je na zauna gindin murhun Tsahara, na gaya mata komai, har na ce ban ga mai taimakonmu ba a garin nan. Ta aje matsamin ƙosai ta dube ni.

“Ke Ramatu, ki ji tsoron Allah. Tun da kike, kin taɓa ganin mutane sun taho gayyad da ba a kira ba? Kullum munka tambaye ki sai ki ce lahiya lau. To mi za mu yi, mu hwaɗa miki ɗaki da ƙarhi? In gonarku ta hi ƙarhinku goro kuke rabawa, a taho da hauya. Raba goro.”

Sauran kin gani da idonki, amma ba ki san yadda ƙafata ta yi nauyi ba ranar da na ƙulla goro a gefen zane na bi gida-gida. Ban taɓa jin an kira gayya saboda mutum ba, sai gona ko rufin ɗaki. A kowace ƙofa sai in miƙa goro in ce, “Ba lafiya lau ba ce, mun gaji.” Wasu sun karɓi goron ba mu sake ganinsu ba. Wata ta zo sau ɗaya, ta ga yadda miyau ke zubar masa, ta tuna tana da aiki. Ban riƙe su ba, ni ma na san tsoro.

Amma dubi waɗanda suka tsaya. Kawunki Sale ya karɓi wanka shi da babanki, ya ce dama bai kamata a ce mata ke yi wa namiji mai gemu wanka ba, kunya ce ta hana shi faɗa. Tsahara ta karɓi karin safe. Mai kabu-kabun da ke zuwa Maradi ya ce maganin farfaɗiya ya zama a wuyansa, ba zai bari ya yanke ba. Masunta suka ce a riƙa turo musu shi majalisa gindin gawo a bakin tabki, tun da shi ma mai son kokawa ne. Majo ya zo har can ya nuna musu abin yi in farfaɗiya ta tashi: a kwantar da shi ta gefe, a kare kansa, kada a cusa masa komai a baki. Ke kuma kina tsaye a kansu kamar sufeton lakwal, wannan bai riƙe ludayi daidai ba, wancan ya cika sauri. Na ga yadda kike hararar Tsahara, kada ki musa.

Abin da ban zata ba shi ne matan da suka riƙa zuwa a ɓoye. Ashe ba mu kaɗai ke da zana a ƙofar ɗaki ba. Akwai mai ɗiya da ba ta ji ba ta gani, akwai mai jikan da kansa ya yi girma. Yanzu ran Alhamis muna haɗuwa a gidan Tsahara, kowa da nata, a shimfiɗa su a inuwa, a koya wa juna abin da aka sani, wadda ta kwana biyu ba ta runtsa ba ta shiga ɗaki ta yi barci mu tsare mata. Waɗannan matan suna jiran ki gama. Ba su da wanda ya san abin daga ciki ya kuma san shi daga littafi, kuma in kin shigo motar Juma'a ba za su samu ba.

Ke ma can kada ki gaji halina. In abokiyar ɗakinki ta ce ya kike, in ba lafiya ba ce ki faɗa. In darasi ya shige miki duhu ki tambaya tun da wuri. Ki riƙe salla, ki ci abinci ko bai yi miki daɗi ba, in an yi wasa ki shiga, kin yi rashin wasa da yawa. Ki yafe mini yarintarki da na ci. Na san za ki ce ba komai, amma ni na san da komai.

Zan tsaya nan, an kira azahar, kuma lokacin gwada masa kunu ya yi.

Laraba da la'asar

Habsu, jiya bai sha ba sai kurɓi kaɗan. Na kusa yaga takardar nan in ce ki taho. Yau da safe Tsahara ta yi lallashi ta yi faɗa, ya ƙi. Na ce kada a fita da shi, ba shi da ƙarfi. Babanki ya ce zaman kallon ƙofa ba zai ƙara masa ƙarfi ba, ya tura kujerarsa suka tafi bakin tabki. Na kasa zama, na bi su daga nesa da ƙoƙon kununsa, na raɓe bayan masu wanki.

Masunta sun fito daga ruwa, an dama musu fura a babbar ƙwarya, sun kewaye ta, ludayi ɗaya yana zagayawa. Gardamar kokawa ta kaure. Baba Mamman, tsohon nan mai saƙar koma, yana ta rantsuwa cewa ɗan kokawar da Yayanki ke so ba zai kai ko'ina ba bana. Ludayi ya zo hannunsa, ya sha, ya sake cikawa, ya miƙa wa na kusa da shi bai ko duba ba. Na kusa da shi Lawali ne.

Ya ce, “Kai, karɓi, naka ne. Kak ka tsai da muna hura, mutane na jira.”

Babanki ya yi wuf ya tallafe masa kai. Ni ina can ina cewa a raina ba zai buɗe ba. Ya dubi Baba Mamman, ya dubi ludayin, ya buɗe baki. Ya sha a hankali, rabi na zuba a gemunsa, ba wanda ya ce sannu, ba wanda ya tafa, gardama kawai ake yi.

Kin san abin da ake faɗa a garin nan kan miyan bakin mai farfaɗiya, wai ta nan ake ɗaukar ciwon. Majo ya sha faɗa cewa ba a ɗauka, amma ko a gidanmu ƙoƙonsa daban ne, ludayinsa daban, ni na ware su da hannuna. Ina kallo Baba Mamman ya karɓi ludayin daga bakinsa, ya tsoma a ƙwarya, ya miƙa wa na gaba. Mutumin ya ɗan tsaya. Sannan ya yi bisimilla ya sha. Ludayi ya zagaya ya dawo, Lawali ya buɗe baki tun kafin ya iso. Ya doshi shekara talatin, yau ne ya fara cin abinci a ƙwarya ɗaya da mutane. Na zubar wa kifi kunun da na riƙo, na dawo gida ina share hawaye da gefen mayafi, mata suna tambayata ko lafiya.

Da azahar ya ci tuwo mai laushi a hannun Tsahara. Ya dubi ƙofa, ba zan ɓoye miki ba, yana kewarki kuma zai daɗe yana yi. Amma ya ci. Babanki ya kira ki bai samu ba, kina aji, za mu sake kira. Takardar ma zan ba direban da zai tashi gobe da safe, don ki karanta ta kafin Juma'a.

Na san za ki ji wani abu ya soke ki, cewa ya ci a hannun da ba naki ba. Ki yi kukanki, ki wanke fuska, ki kwance kayan da kika ɗaure. Yayanki ya sami mutane. Wadda ba ta saba ba tukuna a gidan nan ni ce, kuma ban yarda ki bar karatu saboda ni ba.

Allah ya tsare mini ke daga sharrin hanya da na mutane, ya buɗe miki ƙwaƙwalwa, ya sa albarka a hannuwanki, ya haɗa ki da masu tausayi a inda ba ki da kowa. Ya dawo mana da ke lafiya in lokacin ya yi. Amin.

Wassalam.

Innarki,
Ramatu